Hannun Hagun Metodi

Shafi na 14

Masu tambaya ko Metodi ya yarda a ɗauke shi a bidiyon, ya yarda. Jiya mun bar shi a bakin ƙofa yana cewa a'a, to ga inda a'ar ta kai shi.

Ƙarfe huɗu saura kwata Metodi ya riga ya rataya tupan, babbar gangarsa, a kafaɗa, amma babu halin bugawa. Dokar benen ke nan, daga biyu zuwa huɗu ba a ƙara, tsofaffi na barcin rana. Sai ya kama zirga-zirga a falo, taku huɗu zuwa taga, taku huɗu zuwa ƙofa, ƙatuwar gangar tana lilo a gabansa. Ya duba agogon hannu, ya duba na bango, ya sake duba na hannu.

Ƙarfe shida Ognyan zai zo, yayan matarsa, mai busa zurna, algaitar ƙasarsu, kuma shugaban ƙungiyarsu. Zai karɓi kaset ya kai wa direban bas ɗin Sifen mai tashi ƙarfe bakwai. Mutumin da zai ɗauke su kiɗan bukukuwan bana a can ya ce sai ya ga kowane makaɗi shi kaɗai, ya ji shi shi kaɗai. Na sauran duk sun tafi tun makon jiya, na Metodi ne ya rage. Sau uku yana ɗagawa. Ya ce fatar ganga ta saki, ya ce mura, ya ce ba kyamara. Jiya Ognyan ya gaya masa a waya cewa in bas ɗin yau ya tafi ba kaset ɗinsa, to Krasi zai ɗauka, wani matashin makaɗi da ya daɗe yana zagaye ƙungiyar.

Shi ya sa Bilyana ta ƙwace zancen daga hannunsa. Ita ce 'yarsa tilo, shekara ashirin da uku, tana aiki a shagon ɗaukar hoto a bakin kasuwar garinsu Petrich. Ta aro kyamarar bidiyo da abin kafa ta mai ƙafa uku, da makirufo biyu, da ɗan akwatin haɗa sauti, bisa sharaɗin ta mayar da su gobe da safe. Tun azahar take rataye barguna a bango, wai falon yana mayar da ƙara. Bargon gidan kaf ya hau bango, har da jan na ulu da Zorka, matar Metodi, ta zo da shi ranar aurenta.

"Baba, don Allah zauna. Kana sa ni jiri."

"Ina ɗumama ƙafa ne."

"Da ƙafa za ka buga?"

Ya ci gaba da zirga-zirgarsa. Ta zauna a ƙasa ta ɓare sabon kaset, ta rubuta STOILOV da manyan baƙaƙe a jikin takardarsa. Ta yi dariya ita kaɗai, ta ce saura kaɗan hannunta ya ƙara A a ƙarshe, ta saba rubuta nata, Stoilova. Metodi ya ce ta bar wasa da kaset ɗin mutane.

Abu ɗaya ya rage ba a rufe ba, madubin da ke jikin ƙofar sif, daidai bayan inda zai tsaya. Bilyana ta ɗauko zanen gado za ta yafa masa, sai ga Zorka ta leƙo daga kicin, hannuwanta duk fulawa.

"Me nake gani haka?"

"Mama, gilashi ne, yana mayar da ƙara. Kuma kyamarar za ta ga kanta a ciki."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To sauke."

Bilyana ta fara bayani, Zorka ba ta bari ta kai ƙarshe ba. Ta ce rabon da a rufe madubin nan tun ranar da aka fitar da gawar tsoho Vangel, mahaifin Metodi, shekara uku da suka wuce, kuma ba za a sake rufe shi ba ana gobe-jibi mijinta zai kama hanyar kwana biyu a bas. Ta ce a rufe taga, a rufe talabijin, a rufe ta ita ma in ana so, amma ban da madubi.

Bilyana ta dubi ubanta ko zai tsaya mata. Shi ma tsigar jikinsa ta tashi da ya ga zanen a sama.

"Bi maganar uwarki."

Ta yi tsaki a hankali, ta buɗe ƙofar sif ɗin har madubin ya juya ya fuskanci bango, ta tokare ta da silifas ɗin Metodi. Zorka ta ce to yanzu kuma mutanen Sifen za su ga kayan sawarta a jere. Aka rataya zanen a kan kayan. Wannan ba laifi, tufafi ba madubi ba ne.

Sai aka zo kan makirufo.

Ta kafa ɗaya a damansa, wajen fuskar da yake dukanta da gula. Ta ɗauki ɗayan ta zagaya hagunsa, wajen fuskar da tsumagiya take taɓawa.

Metodi ya janye gangar gefe.

Ya ce ɗaya ya isa. Shekara talatin da ɗaya yana kiɗa, ko a manyan bukukuwa ɗaya ake sa masa a gaba. Ta ce tupan baki biyu gare shi, kowane baki da abin da yake faɗi. Na dama zai tafi kunnen dama, na hagu ya tafi kunnen hagu, mai sauraro ya ji kamar yana tsaye a tsakiyar gangar.

"Wa ya ce yana son tsayuwa a tsakiyar ganga?"

"Baba, aikina ne. Ni ina koya maka ɗaure igiya?"

Ya duba agogo. Huɗu daidai.

Jar fitilar kyamara ta kama. Ya faɗi sunansa da garinsu kamar mai amsa tambayar ɗan sanda, ya ɗaga gula, ya fara da kiɗan fitar amarya, mai nauyin nan da ake ja a hankali. Gilasan taga suka ɗauki rawa. Daga nan ya juya zuwa kiɗan 'yan kokawa. Bai yi minti uku ba aka fara ƙwanƙwasa bututun ɗumama ɗaki daga ƙasa da cokali. Tsohuwa Gina ce ta hawa na uku.

Zorka ta ce matar nan ko ƙwanƙwasar ba ta iya sa ta a kan kiɗa ba. Ta yanka banitsa, gasasshiyar fulawa mai cuku, da zafinta a faranti ta sauka sayo musu awa ɗaya.

Suka rage su biyu.

Bilyana ta mayar da kaset baya, ta ɗora abin sauraro a kunnuwa. Metodi ya juya mata baya yana gyara maratayin da ba abin da ya same shi. Ta gefen ido ya ga ta ɗaure fuska. Ta zare waya ta sake sokawa. Ta matsa ga makirufon hagu ta ɗan buga shi da farce. Ta musanya wayoyin biyu. Ta sake saurara.

"Ya yi ko? Cire mu ajiye wa kawunki."

Ta miƙe, ta ɗora masa abin sauraron a kansa, ta danna.

Kunnen dama aradu ne, kowane duka a mazauninsa. Kunnen hagu kuwa, inda ya kamata tsumagiya ta cika tsakanin duka da duka, sai 'yan ɗige-ɗige. Ta taɓa, ta ɓace. Ta dawo a makare, ta ja ƙafa, ta sake ɓacewa. Wani wurin shiru ne tsawon numfashi guda.

Wata takwas yana jin abin a hannunsa. Yau ya fara jin sa a kunne.

Ya cire abin ya ajiye a kan kujera.

"Makirufon nan ya lalace."

"Na musanya su."

"To fatar ce. Na gaya miki ta saki."

"Baba."

"Ko tsumagiyar, sabuwa ce, ba ta faɗa hannu ba tukuna."

"Baba, miƙo hannunka. Rufe ido."

Ya so ya yi mata tsawa, ya fasa. Ya miƙa. Ya rufe ido. Ta ce ya gaya mata me ta sa masa tsakanin babban yatsa da manuni.

Ya murza yatsun. Ya ce sulalla ne.

Ya buɗe ido. Babu komai a hannun.

Ya zauna a hannun kujera da gangar a jikinsa. Ita kuma ta shiga lissafa masa abin da ta gani ta yi shiru: kwalbar zumar da ta suɓuce masa ranar bikin Ista, yadda ya daina ɗaura takalmi mai igiya, yadda yake ɓoye hannun a aljihu in baƙi sun zo.

"Tun yaushe?"

"Tun bikin 'yar mai gidan burodi. Ina cikin kiɗa na ji kamar ƙiyashi na bin yatsun. Da safe na daina jin yatsun."

Ta tambaye shi batun likita. Ya ce ya je, a ɓoye, ranar da ya ce musu zai je sayen fata. An ce jijiya ce ta matse, sai an yi aiki, a huta wata uku, kuma ba a yi masa alkawarin komai ba. Wata uku kuwa shi ne ranin gaba ɗaya.

"Kawu ya sani?"

"In zurna biyu suna kuka a kanka, wa yake jin tsumagiya? Ba wanda ya sani. Ke ce kika zo da makirufonki na biyu."

Ya faɗa da ɗaci, ya kuma ji kunyar faɗin. Ya dubi agogo. Biyar saura ashirin.

"Cire na hagun. Mu sake da ɗaya, a nesa."

Ta ce ko da ɗaya ne za a ji ramin, tunda babu zurna a ɗakin. Mutumin ai don haka ya ce kowa shi kaɗai.

"To shi ke nan. Kira kawunki ki ce ya ɗauki Krasi."

Bai san zai faɗi haka ba sai da ya ji ta fita. Shekara talatin da ɗaya. Ubansa a gabansa, kakansa a gaban ubansa. A garin nan in an ce Stoilov ba a tambaya wane aiki yake yi.

Bilyana ta jawo kujerar cin abinci, ta taka, ta miƙa hannu saman sif.

"Me kike yi?"

Ta sauko da tupan ɗin tsoho Vangel, wanda ke can a naɗe tun rasuwarsa.

"Mayar. Bilyana, na ce ki mayar."

Ko a jikinta. Ta kwance mayafin, ta dafa gangar da gwiwa, ta bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya tana ja, ba ta ko duban hannunta. Metodi ya zuba mata ido. Gangar da ta shekara uku a ajiye ya kamata fatarta ta yi laushi kamar tsumma. Wannan a ɗame take, tana sheƙin mai.

Ta rataya. Ta zare tsumagiyar kakanta daga cikin igiya, ta kwantar da ita a jikin fata, 'yan yatsunta a bakin katako yadda ake yi.

"Buga damanka kawai, Baba."

"Ba zan..."

"Sau huɗu kawai."

Don ta bar shi ya buga. Ɗaya. Biyu.

Kafin na uku tsumagiyar ta shigo.

Ta cika kowane gurbi. Ba ta riga shi ba, ba ta makara ba. Ya ja kiɗan don ya kayar da ita, ta ja tare da shi. Ya yi tsalle zuwa na 'yan kokawa ba gargaɗi, ya tarar tana can tana jiransa. Ya tsaya cak, gula a sama.

"Wa ya koya miki?"

"Kaka."

"Ƙarya kike yi. Ubana da bakinsa ya ce ba a rataya wa mace tupan."

"A gabanka ya faɗa. A bukkar gonar inabi wata magana yake yi."

Ta ce tun tana shekara goma sha ɗaya. Duk Lahadin da Metodi ya tafi biki, tsohon sai ya ce ta raka shi duba inabi. Da murfin katako na gangar ajiye ruwan inabi ya fara mata, sai da ta shekara biyu kafin ya bar ta ta taɓa fata. Bayan rasuwarsa ta ci gaba, in uban ya yi tafiya ta sauke gangar ta kai bukkar, ta dawo da ita kafin ya dawo.

Metodi ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Abin da ya fi ci masa rai ba ɓoyewar ba ce. Shi ya san abin da ke cikin sana'ar nan. Awa goma sha huɗu a tsaye cikin rana, mashaya suna kiranka da fito, wani ya manna maka kuɗi a goshi da yawunsa, wani ya ja maka riga don ka bi matarsa da kiɗa har bakin mota. Ranar da aka haife ta ya yi wa kansa alkawari 'yarsa a inuwa za ta zauna.

"Ni na so ki zauna a inuwa."

"Na sani, Baba. Ina zaune a inuwar. Hannun ne ba ya zama."

Sai ta faɗi abin da ke ranta. Za ta juya kyamara ta ɗauke shi ta dama, hannun hagunsa ya faɗa bayan gangar, kafaɗa kawai za a ga tana motsi. Makirufon hagu zai dawo bayan kyamara, inda za ta tsaya da gangar Kaka. Shi ya ba da dama, ita ta ba da hagu. Tsumagiyarsa kada ta taɓa fata.

"Wannan ai ha'inci ne."

"Eh."

"In na isa Sifen fa? Wa zai zama haguna a can?"

"Zurna biyu. Su da suka rufa maka asiri wata takwas."

Maganar ta soke shi. Yana neman amsa aka turo ƙofa. Zorka ce da farantin da babu komai. Ta dubi 'yarta da ganga a kafaɗa, ta dubi mijinta, ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce Gina ta ba su har biyar da rabi, kuma ta ce gishirin banitsar ya yi yawa, amma ta cinye.

"Ke ma kin sani," in ji Metodi.

"Wanne daga ciki?"

Ta ajiye farantin.

"Wa yake ɗinke wa yarinyar nan maratayi? Kuma wa yake ɓalla maka maɓallin hannun riga tun lokacin kaka? Kai kaɗai ne a gidan nan kake zaton kana da asiri, Meto."

Biyar da minti goma.

Ya dubi hoton ubansa, wanda bargo ya rufe rabinsa. Ya dubi kaset ɗin. Ya ce sau ɗaya za su yi, in bai yi ba shi ke nan, kuma daga yau ba wanda zai sake ta da zancen a gidan nan.

Bilyana ta ja kyamara, ta leƙa ɗan allonta, ta gyara, ta sake gyarawa. Ta ce ya ɗan juya, ya ɗaga haɓa, ya daina kallon ƙasa kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Ta mayar da kaset farko don sabon ya hau kan tsohon. Jar fitila ta kama. Ta koma bayan kyamarar ta rataya gangar kakanta.

Ya sake faɗin sunansa.

Ya ɗaga gula.

Minti na farko yana kiɗa yana jin kunya, hannun hagu na kaɗa iska a bayan ganga. A na biyu ya manta. Abin da ya rasa wata takwas ya dawo ɗakin, cikakke, kamar ba daga wani jiki yake fitowa ba. Ya saki kafaɗa. Ya fara taka ƙasa yadda yake yi a fili. Barguna na motsi a bango, kofuna na kaɗawa a kicin, Zorka na tsaye a bakin ƙofa ta toshe baki da gefen atamfar girki. Bilyana ba ta ɗauke ido daga kan gularsa ba ko sau ɗaya.

Da suka shiga ƙarshen kiɗan kokawa, inda ake kai mutum ƙasa, sai ta saki wani abu.

Ƙanƙara.

Haka tsoho Vangel yake kiran salon, tsumagiya ta zubo a guje kamar ƙanƙara a kan rufi, ta yanke farat ɗaya dab da dukan ƙarshe. Duk kwarin nan shi kaɗai ya iya. Metodi ya yi shekara goma yana nema, tun hannunsa na da lafiya, bai samu ba, har tsohon ya ce ya bari, ba kowane hannu aka yi wa ba.

Saura kaɗan gula ta faɗi. Ya dake ya kai dukan ƙarshe.

Ba wanda ya dubi wani.

Sai ƙararrawar ƙofa.

Shida saura ashirin.

Zorka ta fizge gangar tsohon daga kafaɗar Bilyana ta yi banɗaki da ita. Bilyana ta kashe kyamara, ta ja makirufon hagu da ƙafa ta mayar gefen ubanta. Metodi ya tsaya a tsakiyar falo yana share gumi da hannun riga.

Ognyan ya shigo yana haki, yana zagin lifta da wanda ya ƙera ta. Ya dubi bargunan ya tambaya ko sun buɗe shagon gwanjo ne. Ya ja kumatun Bilyana, ya ce wa ƙanwarsa ya ji ƙamshi tun daga hawa na biyu, kada ta ce masa ya ƙare.

"Ga kaset, Yaya. Kar ka makara," in ji Metodi.

"Sauri me? Sa mu gani."

Ya ce ba ya aika abin da bai gani ba. Makon jiya ɗan'uwansa ya kawo masa nasa, aka kunna, sai ga zurna da ciki, babu kai. Sai da aka sake.

Bilyana ta dubi ubanta. Ba yadda za a yi. Ta ɗage bargon talabijin, ta haɗa waya, ta mayar da kaset farko. Ognyan ya baje a kujera da faranti a cinya.

Ga Metodi a allo, ta dama, kafaɗar hagu na motsi a bayan ganga. Ba abin da ya nuna. Metodi na gaske yana tsaye a bayan kujera, ya cusa hannun hagu a aljihu, yana ƙirga mintoci.

Ognyan na ci yana kaɗa ƙafa. Can ya rage tauna.

"Kai, Meto. Ashe kana nan."

Ognyan ya nuna allon da yatsa.

"Wallahi na fara cewa tsufa ya kama ka. Wata da watanni ina jin hagun nan naka kamar kaza na tsattsagar tire. Na yi shiru ne don Zorka."

Metodi ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ashe zurna biyun ma ba su rufe komai ba.

Aka shiga kiɗan kokawa. Saura minti ɗaya. Bilyana ta matsa kusa da kyamara, yatsanta a kan maɓalli, tana jiran dukan ƙarshe ta kashe.

Zorka ce ta fara gani. Ta kama hannun mijinta ta matse.

A cikin allon, bayan kafaɗar Metodi, ƙofar sif na motsi. Kowane dukan gula sai ta ɗan matso. Silifas ɗin ya zame. Ƙofar ta taho a hankali, a hankali, kamar mai leƙe, zanen da ke kan tufafi ya ɓace, haske ya gilma.

Metodi ya waiwaya. Ga sif ɗin nan a rufe, madubi na kallon falo, silifas a yashe a gefe. Tun ɗazu haka yake, ba wanda ya lura.

Ƙanƙara ta zubo daga talabijin.

Ognyan ya ajiye faranti.

"Wannan hannun tsoho Vangel ne."

Kiɗa ya ƙare. Bilyana ta danna, allon ya yi shuɗi.

"Mayar da shi baya, 'yar ƙanwata."

"Kawu, bas ɗin..."

"Kaɗan kawai. Yauwa. Tsayar nan."

Hoton ya daskare. Ga Metodi da gula a sama. Ga madubi a bayansa, tas, don Zorka kullum sai ta goge shi. A cikin madubin ga kyamara a kan ƙafafunta uku. A bayan kyamarar ga Bilyana, gashi ya manne mata a goshi, gangar kakanta a kafaɗa, tsumagiya ta zama inuwa don gudu.

Ognyan ya daɗe yana kallo. Ya tashi ya je har gaban talabijin, ya sa tabarau, ya sake kallo. Bai yi faɗa ba, kuma rashin faɗan ya fi tayar wa Metodi hankali.

"Yaya, laifina ne," in ji Zorka. "Ni na hana a rufe shi."

"Da kin bari an rufe ai da an yi daidai. An yi rashi a gidan nan, ba ku sanar ba."

Ya dubi aljihun Metodi da ya faɗi haka.

Ya ce a ciro masa kaset ɗin. Bilyana ta ciro ta miƙa masa. Ya juya shi, ya karanta abin da ke jiki, ya duba agogo.

"Shida saura biyar. Ba lokacin sake wani, kuma ko da akwai, na ji abin da na ji. Kaset ɗin nan zai tafi yadda yake, da madubinsa. Ni ba na aika ƙarya da sunana, kuma kujerar makaɗi ɗaya ce a bas."

"Kawu, ni ban ce ina so..."

"Ba da ke nake ba."

Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro biro. Ya ɗora kaset ɗin a kan fatar tupan ɗin da ke rataye a jikin Metodi har yanzu, takardar tana sama. STOILOV, da ɗan fili a gabansa.

"In ka bar shi haka, ni zan kira mutumin in gaya masa abin da zai gani, kuma Krasi zai tafi. In ka ƙara, ka san wadda za ta tafi. Harafi ɗaya ne tsakaninku, Meto."

Ya miƙa masa biron.

Metodi ya dubi 'yarsa. Ba ta kallonsa, tsumagiyar kakanta take kallo, wadda aka manta a kan kujera. Ya tuna rana, da fito, da yawun mashaya a goshi. Ya tuna ƙanƙara.

Daga ƙasa cokalin Gina ya fara bugun bututu, ko da yake ba wanda ke kiɗa.

Ya cire murfin biron da haƙori.